Allurar da Jinina Ya Tona

Na sha wuya a shekarar nan, ba kaɗan ba. Lokacin an rufe boda, kaya ba sa shiga Konni ta hanya, aiki ya yi ƙaranci, wanda ya samu sai ya yi na mutum biyu. Ni ɗan dako ne a tashar albasa ta Illela. Buhu nake saɓawa in hau katako in jefa cikin mota. Ban san wata sana'a ba, ga baki tara suna jirana a gida.

Wata Lahadi, kasuwa na ci, ina tsakiyar katako da buhu, sai na ji kamar an kifa mini turmi a ƙirji. Hannun hagu ya mutu, zufa ta karyo. Aka kira yayana, yana sayar da igiya a kasuwar. Ya dube ni ya ce jini ne ya taru, ya ja ni wurin wanzami aka kafa mini ƙaho huɗu. Daga nan muka biya wajen mai kemis, ya soka mini allura biyu a ɗuwawu, wai ta ƙarfin jiki. Haka kowa ke yi a wurinmu. Ciwon bai motsa ba. Da la'asar aka sa ni a mota sai Sakkwato.

A hanya Yaya ya ce, "Kul ka yi zancen allura. Mutumen nan surukina na, ba shi da takarda. In ka hwaɗi, rufe mai shago za su yi."

Na ce to.

Likitan da ya karɓe ni Bakano ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Ya ga shaidar ƙaho a bayana, ya girgiza kai kawai. Ya tambaya ko an ba ni wani abu, na ce a'a. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane, ya ce jijiyar da ke shayar da zuciya ce ta toshe. Ni tambayata ɗaya ce, zan koma dako ko ba zan koma ba. Ya ce sai ya ji daga jini.

Aka ɗibi jini ranar. Da safe aka sake ɗiba. Yaya ya kasa haƙuri.

"Likita, mi kuka yi da jinin ga? Mutum kwance, kuna ta kwashe shi kamar nonon saniya?"

Likita ya yi dariya. Ya ce, "Alhaji, akwai tafki a wajenku?"

"Akwai Kalmalo."

"In ya cika ya janye, ba ka ganin inda ruwa ya tsaya a jikin itatuwa?"

"Ana gani."

"To naman zuciya in ya mutu, akwai abin da yake zubarwa a jini. Ya hau, ya hau, sannan ya sauka. Inda ya kai nake nema. Nan zan san yawan abin da ya mutu, da ƙarfin da ya rage masa. Ɗiba ɗaya ba ta nuna wannan."

Ni kuwa na kwanta ina kallon hannuna. Shekara arba'in da wani abu jinin nan ke yawo a jikina, ban taɓa sanin yana ɗauke da labari ba.

Rana ta uku likita ya zo da takardu, ya zauna a bakin gadona. Ina shan kunu. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya yi maka allura?"

Cokali ya tsaya mini a hannu. Na dubi Yaya, Yaya ya dubi rufin ɗaki.

Likita ya ce abu biyu suke aunawa. Na farko yana fita daga zuciya, amma yana fita daga kowane naman jiki da aka huda ko aka murƙushe. Nawa ya yi hawan da bai dace da ni ba. Na biyun bai bi shi ba, zanen takarda ma bai bi shi ba.

"In na yarda da na farko," in ji shi, "sai in ce ko buta kada ka ƙara ɗauka. Amma ga ka zaune kana shan kunu har da santi. Ba sunan kowa nake nema ba. Allura nawa?"

Na ce biyu.

Yaya ya ce, "Wallahi likita kai ma duba kaka yi."

"A'a, awo nake yi."

Ya ce abin da ya mutu ba shi da yawa, amma ya mutu, ba ya dawowa. Nan da mako shida zan yi tafiyar ƙasa mai nisa ba tare da na tsaya ba. Zan iya ɗan aikin hannu. Buhu kuwa, ni da shi har abada.

Har yau ina tuna abin. Jinin bai cika cokali ba. A cikinsa mutumin nan ya ga allurar da aka yi mini a shagon mai kemis, nesa da shi, ya kuma ga abin da bai zo ba tukuna. Ilimin Allah da yawa yake, ya ɗan gutsura wa bayinsa.

Amma ni mai taurin kai ne. Da mako shida suka cika na taka har garin Amarawa na dawo, ban tsaya ko'ina ba, yadda ya faɗa. Sai raina ya ce tunda rabin maganar ta yi daɗi, bari in gwada ɗaya rabin. Na shiga rumfa na kama rabin buhun gero. Taku biyar na yi. Numfashi ya ɗauke, na durƙusa, na fi ƙarfin minti goma ban iya kiran kowa ba.

Washegari bayan sallar asuba na sayi basilla da zare, na tafi wurin sarkin tasha na ce ya ba ni ɗinkin bakin buhu. Aikin tsofaffi ne. Ya nuna mini tabarma a inuwa, na zauna na jawo buhu na farko.