Ba Jini, Ba Karaya

Ɗana na biyu yana aji uku a sakandare lokacin da suka yi gware da wani yaro a filin ƙwallo na unguwarmu, Tudun Fulani. Su biyun sun yi tsalle za su buga da ka, kawunansu suka haɗu. Nawa ne ya faɗi. Ni ina shago ina auna wa mutane gero.

Daga baya na ji abin da aka yi masa. Kocinsu, wani mai gyaran babur daga Fadikpe da ke tara yara da yamma, ya fasa ledar ruwa ya kwarara masa a ka, aka shaƙa masa albasa. Ya miƙe yana tangaɗi, 'yan kallo suka tafa, aka mayar da shi fili. Da aka tashi, wai su masu kula, suka kai shi wurin mai ɗori. Tsohon ya lalube hannu da ƙafa da haƙarƙari, ya ce ƙashi lafiya lau. Kan da ya bugu kuwa, babu wanda ya duba. A garin nan, in ba a ga jini ba, ba a ji karaya ba, to raki kake yi.

Ya shigo gida ya ce, "Mama, wa ya ci wasan?" Na ce kai da ka buga kake tambayata? Na zuba masa tuwo, ya sake tambaya. Sai amai. Na tare keke-napep muka nufi asibiti. Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ce ta girgizu. Ba ƙwallo, ba waya, sai hutu, kuma in ya sake buguwa kafin ya warke, ana iya rasa shi.

Ranar da aka sallame mu, sai ga koci a ƙofar gida riƙe da takalman yaron, wai akwai wasan ƙarshe.

"Mama, yaro ya tashi ai," in ji shi. "Ba jini, ƙafa ma lafiya."

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Zagi ya zo har bakina, na haɗiye. Na ce ya shigo ya gani da idonsa. Yaron yana kwance, an saki labule saboda haske yana damunsa. Ya ɗago ya daɗe yana kallon baƙon.

"Koci," ya ce, "wa ya ci wasan?"

Ɗan nawa ne fa ya zura ƙwallon da suka yi nasara da ita, bayan an mayar da shi fili.