Tarkon da Yayana Bai Gama Gyarawa Ba

Ciwon ƙoda ne ya dawo da yayana garinmu Gure, da kwamfutarsa a jaka. Ina kai masa kunu yana aiki a kwance, ƙafafunsa sun kumbura.

Na ce, "Yaya, me kake yi haka?"

Ya ce, "Tarko nake ɗanawa cikin manhaja, ƙanwata. In ta taka, sai zuciyar kwamfutar ta tsayar da ita, ta duba, ta sake ta. Wani lokaci kuma kashe ta take yi bisa kuskure. Shi nake gyarawa."

Kafin damina ya rasu. Muna zaman makoki abokan aikinsa na ƙasar waje suka aiko saƙo, suna tambayar sauran gyaran.