Daƙiƙa Arba'in da Lorraine Ta Cire

Lorraine Pasek ta shekara talatin da ɗaya tana ɗaukar bidiyon bikin aure a garinmu, kusa da birnin Buffalo a Amurka. Ni ɗan haya ne a saman benenta, ina tuƙa bas. In na taso aiki da la'asar takan ƙwala mini kira in sauko shan shayi, ita da magana, ni da saurare.

Daga gidanta zuwa filin wasa tafiyar minti goma ce a ƙafa. Duk Lahadin da ƙungiyar ƙwallonmu ke wasa a gida, unguwar kan cika da motoci har kan ciyawar ƙofar gidaje, magoya baya su hura gawayin gashin nama tun da hantsi ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Da ciwon baya ya raba ta da bukukuwa, sai ta ce buri ɗaya ya rage mata: ta yi fim a kan mutanen nan, ta ga an nuna shi a talabijin. Shekara biyu tana bin su da kyamara.

Wanda ta fi ɗauka shi ne Gordie Wozniak, tsohon mahauci, wanda yanzu yake tsallakar da yaran firamare titi safe da rana. Naman farko da ya gasu a murhunsa, magoya bayan ƙungiyar baƙi yake miƙa wa. Matarsa Irene ta rasu da bazara, amma bai daina kafa kujerarta kusa da murhu ba, da bargonta a kai.

Wata Lahadi wani saurayi cikin baƙi ya yi tatul, ya hau rufin mota zai diro kan tebur kamar yadda samari ke yi. Ya kuskure teburin, ya faɗa kan kujerar Irene, ta kakkarye, ya tashi yana dariya. Gordie ya kai masa naushi. Nan take wuri ya hargitse, ana jifa da kwalabe. Kyamarar Lorraine ta ɗauke duka, daƙiƙa arba'in.

Ina falonta ranar da Trent, ma'aikacin wani ƙaramin gidan talabijin, ya zo ganin aikin.

"Mama, fim ya yi kyau," in ji shi. "Amma wa zai zauna awa guda yana kallon tsofaffi suna juya fukafukan kaza? Ki buɗe da naushin nan, mu kuma mu nuna. In babu shi, gaskiya ba ni da gurbi."

"Yaro, ka yi aure?"

"Tukuna."

"Ai ga alama. Babu bikin da na je ban ɗauki wani kawu ya bugu yana zagin surukai ba. Ban taɓa sa wa amarya shi a kaset ɗinta ba."

"Wannan ai ɓoye gaskiya ne, Mama."

"Bikin awa takwas, haukan kawu minti biyu. Wanne ne gaskiyar?"

Ya ba ta mako guda ta yi shawara.

Ba zan ce abin ya zo mata da sauƙi ba. Kullum na shiga sai in tarar tana maimaita wurin naushin. "Dubi hasken nan," ta ce da ni. "Dubi tururin bakinsa. Tunda nake ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba." Ta kuma san in aka nuna shi, hukumar makaranta ba za ta bar mai naushi kusa da yara ba. Ta tambaye ni ra'ayina, na ce ban sani ba, don kuwa ban sani ba.

Ranar Juma'a ta kira Trent ina zaune. "Na gode, ɗana, ka ba wani gurbin." Da ta ajiye waya ta goge wurin daga kwamfuta, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

An nuna fim ɗin a zauren 'yan kwana-kwana na unguwa, mutum kamar saba'in, kowa da kwanon abincinsa. Aka ga mutane na kwashe ƙanƙara daga kujerun filin wasa da shebur suna waƙa. Aka ga Irene, a shekarar farko, tana yi wa mijinta faɗa kan ya ƙona albasa.

Da aka kunna fitila, Gordie ya nufo mu yana sharce hanci.

"Ke Lorraine, ina naushina? Shekara sittin da takwas sau ɗaya na yi abin kirki da hannun nan, kika yanke!"

"Wane naushi? Kai da ka yi sati kana shafa man zafi a kafaɗa?"

"Yaron ai sai da ya ga taurari."

"Giya ce ta kayar da shi, tsoho, ba kai ba."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya rage murya. "Wurin Irene ɗin nan, za ki iya sa mini shi a waya?"

"Kawo," ta ce, tana lalubar tabarau a jaka.