Na Ƙarshen Sahu

Ban taɓa taka ƙasar Amurka ba, amma na san launin ciyawarta, na kuma san yadda numfashin mutanenta yake fita kamar hayaƙi idan sanyi ya kankama. A Riyad na san wannan, a wani gida da ke unguwar Nasim, ina zaune bisa darduma a bakin ƙofar falo, carbi a hannu.

Jego ne ya kai ni can, a shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki a gida. 'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, tana aikin jinya a wani asibiti, mijinta kuma injiniya ne wajen masu shimfiɗa hanyoyi. Na zo da niyyar in ga ta yi arba'in in koma. Surukina ya yi ta zirga-zirga har aka ba ni iƙama, takardar zaman ƙasa, sai wata ya zama shekara, shekara ta haifi 'yar'uwarta.

Autana kuwa yana Amurka. Karatu ya kai shi. Tun yana yaro Allah ya yi masa jiki, shi ne mai sauke wa maƙwabta buhun gero daga kan jaki ba tare da ya nemi a kama masa ba. Da ya gama karatu sai muka ji wai wata ƙungiya ta ɗauke shi wasan ƙwallo, har albashi ake ba shi. Na ce ƙwallo dai? Ai yaran unguwarmu ma suna buga ta ba takalmi. Ashe akwai ƙwallo, akwai kuma ƙwallo.

Surukina yana aiki da wani Ba'amurke da danginsa ke aiko masa kaset na wasannin. Kafin kaset ya iso Riyad, ya zaga hannun masu shi, ya faɗo gidanmu, an yi makonni. Na farkon ma ƙin ci ya yi, hoton yana ta birgima ba launi, sai da surukina ya shiga kasuwar Batha ya sayo wani bidiyo mai karɓar kowane irin kaset. Daga nan Alhamis bayan la'asar ta zama ranar kallo.

Sai in faɗa muku yadda muke da surukina, don a gane abin da ya biyo baya. Ba ma haɗa ido. A durƙushe yake gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Ba na cin abinci a gabansa. Idan ina da tambaya sai in jefa ta sama in ce, "Wai a tambayi maigidan nan." Shi kuma ya juya wajen matarsa ya ce, "Gaya wa Hajiya," alhali tsakanina da shi bai wuce tsawon tabarma ba.

Ranar farko na ga ƙattai, kowa da hular ƙarfe kamar an kifa masa ƙwarya, da waya a gaban fuska, kafaɗu an cusa musu kaya. Suka jeru sahu biyu suna fuskantar juna, suka sunkuya, sai kawai suka kara kamar raguna. Ƙwallon ma ba ƙwallo ba ce, gwanda ce, kuma da hannu ake jifan ta.

Na ce, "Wai a tambayi maigidan nan, ina yaron yake cikin wannan rigima?"

Ya ce, "Gaya wa Hajiya ta duba ƙarshen sahu. Wanda yake tsayawa a wurin aiki biyu gare shi. Wani lokaci ya zama katanga, ya tare mutane kada su kai ga mai jifa. Wani lokaci kuma ya fice da gudu a jefo masa ya cafe. Amma shi sabon hannu ne, katanga kawai suke sa shi."

Ban iya karanta lambar da ke bayansa ba, ban kuma buƙaci haka ba. Da ya taka na gane shi. Ƙafarsa ta hagu tana ɗan buɗewa waje, irin ta marigayi mahaifinsa.

Kafin kaset ɗin ya ƙare na fahimci wasan iyakar fahimtata. Duk wadda ta taɓa kiwon kaji ta san shi. Idan ɗan tsako ya tsinci fara, sauran duk kansa suke yi, ba mai kula wanda bakinsa ba komai. Wanda gwandar ke hannunsa shi ake bi, shi ake kayarwa, shi ake tarar wa a danne. Autana kuwa ana ganinsa sanda aka sunkuya, da an tashi sai hoto ya bi mai ƙwallo ya bar shi. Na ce alhamdulillahi, sun ba shi wuri mai inuwa. Shekarar nan na yi barci har da minshari.

A shekara ta biyu abu ya sake. Wata Alhamis sai na ga ya bar sahu ya nufi tsakiyar fili, ya waiwayo, gwanda ta faɗo hannunsa. Surukina, mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi a gabana, ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. 'Yata ta rangaɗa guɗa, jikana ya firgita. Ni abin da na gani mutum biyu ne, ɗaya ta ƙugu ɗaya ta ƙafa, suka naɗe shi ƙasa.

Na ce, "Wai a tambayi maigidan nan, kuskure aka yi?"

Ya ce, "Gaya wa Hajiya ba kuskure ba ne, ci gaba ne. Mai koya musu ya ga yaron yana da hannu. Kuma mai jifan ya fara yarda da shi."

Yardar nan ita ta hana ni sakat. Da fari sau ɗaya ne a wasa, wani wasan ma babu. Sai ya zama duk sanda suka shiga matsi, suna neman ɗan taƙi kaɗan su tsira da ƙwallonsu, shi mai jifan ke nema. Kuma ba a gefe ba inda mutum zai fice ya huta, a tsakiya, inda ƙattai suke jira ta kowace kusurwa. Turawan da ke surutu a cikin akwatin talabijin suka fara kiran sunansa, suna karya shi kamar ƙashin kaza. Mutanenmu likitoci da malaman asibiti suka fara zuwa kallo, falo ya cika da takalma a bakin ƙofa. Har wani mutumin Maraɗi da ke kawo mana tukunyar gas daga unguwar Manfuha ya ji labari.

Ya ce, "Hajiya, an ce ɗanki ya zama zakara. Ki ce ya aiko mini da hular ƙarfen nan ɗaya, wallahi tsallaka titin Batha ya fi filin nasu haɗari."

Na ce, "Kai dai sauke tukunyarka. Zakaran da ya fi cara shi ake fara yankawa."

Ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Addu'a biyu ce take tashi daga falon nan. Su suna cewa Allah ya sa a jefa masa, ni ina cewa Allah ka kawar da idon mai jifa daga kan ɗana, ka nuna masa ɗan wata. Wata rana 'yata ta ji ni, ta ce, "Inna, wannan fa da kike gani an yi shi tun makonni. Ya riga ya wuce." Na ce mata wanda nake roƙo ya san da addu'ar tun kafin a haife ni, makonni ba za su ba shi wahala ba. Amma duk da haka maganarta ta zauna mini a ƙirji. Duk abin da nake tsoro, in zai faru ya riga ya faru, ina nan ina dama wa jikana kunu ban sani ba.

Sai wata Alhamis surukina ya shigo da kaset, bai gayyato kowa ba. Gaisuwarsa ta fi ta kullum tsawo, har ya tambayi ƙafata sau biyu. Aka fara. Aka jefa wa yaron, ya cafe, aka sake jefa masa, ya cafe. Can sai surukina ya miƙe ya danna wani abu, mutane suka riƙa gudu a cikin akwatin kamar tururuwa. Ya ce wa matarsa, "Gaya wa Hajiya nan talla ce kawai."

Da hoto ya daidaita, suka jeru, na duba ƙarshen sahu. Akwai mutum a wurin, tsayinsu ɗaya, riga iri ɗaya. Ya taka. Ƙafafunsa duka biyu a miƙe suke.

Ban jefa maganar sama ba. Na juya na dubi surukina a ido, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka kai masa 'yata, na ce, "Mayar da shi baya."

'Yata ta ce, "Inna, ki bari mana."

Na ce, "Ba da ke nake ba."

Ya mayar. Na ga gwandar ta zo masa sama ƙwarai, ya yi tsalle ya ɗaga hannuwa biyu, haƙarƙarinsa a buɗe kamar na ragon da aka rataye. Wani ya taho da gudu ya soka masa hular ƙarfe a gefe. Ya faɗi, bai saki ƙwallon ba, bai kuma tashi ba. Mutane suka shigo da jakunkuna suka durƙusa a kansa. Ina kallon ƙafar hagun nan, ina cewa motsa, ɗan nan, motsa. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ta motsa. Aka ɗaga shi, mutum biyu suka riƙe shi, ya fita a sunkuye.

Surukina ya durƙusa. Wannan karon ni ya yi wa magana. Ya ce, "Hajiya, ki yafe mana. Haƙarƙari ne ya tsage, yana samun sauƙi. Mun yi waya da shi tun lokacin. Hawan jininki muka ji wa tsoro."

Na ce, "A kira mini shi."

Bayan magariba aka same shi, su can hantsi ne. Muryarsa ta zo daga nesa, kamar daga cikin rijiya.

Ya ce, "Inna! Kin kama ɓarayin ke nan?"

Na ce, "Auta, ba wasa ya sa na kira ka ba. Ka je wajen mai koya muku, ka gaishe shi da kyau, ka ce uwarka ta ce ya mayar da kai katanga. Ya ba ɗan wata ƙwallon."

Ya fara dariya, sai ya koma nishi. Ya ce, "Don Allah Inna kada ki ba ni dariya, gefen nan bai yarda ba." Da ya huta sai ya ce, "Ke kin ɗauka a katanga hutawa nake yi?"

Na ce, "Ba mai bin ka a can. Da idona na gani."

Ya ce, "Hoto kika gani, shi kuwa ƙwallo yake bi. Inna, duk sanda aka sunkuya aka tashi, ƙato ne wanda ya fi ni yake kara mini kai, tun farkon wasa har ƙarshe. Yatsuna biyu a can suka karkace. Haƙorina na gefe a can ya fita, waccan shekarar. Ban gaya miki ba ne. Yanzu ko an buge ni ana gani, a zo a duba ni. Kuma wanda ba a jefa wa, shi ake fara sallama."

Na ƙanƙame kan wayar. Waccan shekarar, wadda na yi ta barci ina godiya.

Na ce, "To ka dawo gida."

Ya ce, "Zan zo umara idan an tashi wasa. Ki dafa mini miyar kuka."

Na san autana. Idan ya kawo maganar abinci, ya rufe waccan ƙofar ke nan.

Ya warke, ya koma, kuma suka ƙara jefa masa fiye da da. Surukina ya ce yanzu har shiri na musamman ake yi dominsa, a kori sauran gefe a buɗe masa tsakiya. Ban sake roƙon a kawar da idon mai jifa ba, don na rasa inda zan roƙa a ajiye shi. Da ƙwallo ana dukansa, ba ƙwallo ana dukansa. Abin da ya rage mini shi ne Allah ka tashe shi duk sanda ya faɗi.

Da ya zo umara na kama hannunsa na juya. Yatsun nan biyu sun kwanta gefe kamar reshen da iska ta lanƙwasa. Na shafa musu man zaitun, yana ta tsokanata wai an makara da shekara biyu.

Alhamis ɗin da kaset na farko ya iso bayan komawarsa wasa, na ja dardumata daga bakin ƙofa na kawo ta gaban akwatin. Na ce wa surukina, ba ta bakin kowa ba, kada ya sake taɓa abin dannawar nan ko da talla ce ta gaskiya. Ya ce to, Hajiya. Suka jeru, suka sunkuya, suka tashi, hoto ya bi wani can da ƙwallo. Kowa a falon ya bi shi da ido. Ni idona ya tsaya a gefen gilashin akwatin, inda hoton ya yanke mini ɗana, na danne ƙwayar carbi ɗaya da babban yatsa. Ban sake ta ba sai da aka dawo sahu na ga ƙafar hagun nan ta taka.