Ba Kai Ka Yi Jinyar Yaya Asabe Ba

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Asabe, mai tuwo a unguwar Bukan Sidi. Hawan jini ne ajalinta, amma abin da ya cinye ta tun tana raye ciwon fata ne, wanda likitoci ke kira soriyasis. Fatar gwiwar hannunta da ta ƙeyarta ta yi kauri, ta yi fari-fari, tana zuba kamar dusa.

Yaya ba ta yi boko ba, amma Allah ya ba ta lura. Ta ce duk makon da ta cika cin soye-soye da kayan zaƙi, cikinta zai kumbura, fatar kuma ta tashi. In ta koma kindirmon Fulanin Azuba da miyar ganye da kifi, sai ta ɗan lafa. Ba warkewa ba, sauƙi dai. Ta kai maganar wurin ƙaninmu Bala, wanda da guminta ya karanta aikin lafiya. Ya tuntsire da dariya, ya ce, "Yaya, ina ruwan hanji da fata?" Shi ne kuma ya sa aka ware mata kwano, ya hana 'ya'yansa hawa cinyarta. Da masu sayen tuwo suka ga ma'aikacin lafiya na gudun 'yar'uwarsa, su ma suka watse. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

To, ko me za ta ce da za ta ga Bala yanzu? Shi ake gayyata taron mata a Akurba, yana bayani tiryan-tiryan cewa abinci da lafiyar hanji na iya taɓa ciwon, amma kada a bar maganin asibiti. Gaskiya yake faɗa. Sai dai yakan rufe da cewa a wurin jinyar yayarsa ya gano haka. 

Ranar da na ji da kunnena, na tare shi, na tambaye shi ko a lokacin ya san ba a ɗaukar ciwon. Ya sunkuyar da kai. "Na sani mana. Amma surukaina fa, me za su ce?" Ashe ba jahilci ba ne. Da jahilci ne, da tuni na haƙura.

Abin da Yaya ta bari shi ne 'yarta Rabi, wadda take hannuna, kuma bara ciwon ya fito mata. Tana zuwa asibiti, tana lura da abin da take ci kamar uwarta, ba kuma wanda ya isa ya ware ta. Makon jiya Bala ya zo yana son ya ɗauki hoton hannunta don taronsa. Rabi ta sauke hannun rigarta a hankali, ta ce, "Kawu, ka fara gaya musu wa ya koya maka."

Allah ya jiƙan Yaya Asabe. Bala bai dawo ba.