Masu Dafa Iska a Saiwar Wake

Gonar da muka gada a Dogo ta gaji. Yayana Lawali ne ke nomanta, ni kuwa ina Zinder ina koyarwa har na ajiye alli, abin da ya haɗa ni da ita buhun geron da yake aiko mini kowace kaka. Bara buhun bai zo ba, waya ce ta zo. Wani ɗan kasuwa daga Zango yana son ya saye ta ya kewaye, Lawali ya yarda, amma gado ne na mu biyu, ba za a sayar ba sai na ce to. Na roƙe shi ya ba ni lokaci, raina kuwa ya koma ƙofar ɗakin Iya.

Iya kakarmu ce ta wajen uba, gidanmu kuma yana bakin gonar. Lokacin girbi, da an yi magariba sai ta hura wutar kara, ta ɗora ɗanyen wake da kwansonsa, mu kewaye tukunyar muna haɗiyar yawu. Ni take fara tsokana. "Mijin nan nawa, kullum kai ne gaban tukunya, ban taɓa ganin cefanenka ba." Sai ta gyara zama don ba mu gatana, wato tatsuniya, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Wake da Gero. Wai Gero ɗan sarauta ne, dogo, mai ci ba godiya. Ya ci ƙasa har ta rame, shi ma ya fara rama. Ranar nan sai ga Wake, baƙuwa mai jan jiki, ta roƙi masauki a gindinsa. Ya ce ta kwanta, ai ba abin da ya rage da za ta ɗauka. Ashe ta zo da 'yan girkinta a ƙulle cikin ƙulle-ƙullen saiwarta, mutane ƙanana, waɗanda ƙwayar gero ɗaya ta ishe su gari. Ba su da itace, ba su da murhu. Iska suke kamawa su dafa, su ciyar da uwar ɗakinsu, abin da ya yi saura ƙasa ta ci. Kafin a jima Gero ya yi ƙiba yana rangaji.

Labari ya kai kunnen sarki. Ya sa aka tuge Wake, aka fasa ƙullin, ba a ga kowa ba sai ɗan ja-ja kamar jini. Ya fusata, ya tara maƙeran ƙasar, suka gina murhu ya kai duwatsun Birnin Zinder girma, suka yi ta zuga har itacen daji ya ƙare. Sun dafa iskar kam, amma talaka bai ga ko ƙanzo ba. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta ce wa sarki, "Ranka ya daɗe, girkin ƙanana sai ƙarami irinsu yake gani. Ka nemi wanda zai ƙanƙance ya shiga."

A nan Iya take sauke tukunya. Mu yi ta kururuwa, "Sai me? An samu?" Ta ce, "Har gobe ana nema. Ta tashi, ku naɗe mata tabarmarta, ku zo ku ci." Ni haushin wannan ƙarshe nake ji, don a ganina gatanar da ba a kashe kura a cikinta ba ta cuce ni. Maƙeran nan ma ba zan rantse ba, wataƙila ni na ƙara musu girman murhu da na girma. Amma ja-jan nan gaskiya ne, duk wanda ya fasa ƙullin saiwar wake ya gan shi.

Ina cikin wannan juyayi 'yata Rabi, wadda ke karatun haɗa sinadarai a jami'a, ta zo hutu. Wata la'asar muna zaune a tsakar gida na ba ta gatanar, don in rage nauyin ƙirjina. Na ga ta ajiye wayarta, abin da ba ta yi wa kowa.

"Baba, masu girkin nan fa suna nan," ta ce. "Ƙwayoyin halitta ne, an san su, har hotonsu akwai. Yadda suke girkin ne ba a gama ganewa ba."

Ta ce abincin da shuka ta fi so yana cikin iskar nan da muke shaƙa, amma a kulle yake. Masu yin takin zamani da zafi mai tsanani da matsi suke ɓalle shi, shi ya sa yake da tsada. Su kuwa na cikin saiwa suna ɓalle shi cikin sanyin ƙasa, ba hayaƙi ba ƙara. Kwamfutocin da muke da su sun gwada kwaikwayon abin sun sarƙe, domin a can ƙurewar ƙanƙanta abubuwa ba sa zama wuri ɗaya a ƙirga su kamar tsakuwa. To yanzu ana ƙera wata irin na'ura, ita tana ce mata ordinater kantik, 'yan Kano kuma na ji suna cewa kwamfutar kwantum, da irin waɗannan ƙananan abubuwa aka gina ta, halinsu ɗaya, don haka ana fatan ta iya kwaikwayonsu.

Na ce, "Za ta shigo aljihu ke nan, kamar waya?"

Ta yi dariya. "Ina! Wasu ma sai an ajiye su cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Ba za ka taɓa ganinta ba, Baba. Abin da ta gano ne zai iso gare ka. Kila magani, kila batir mai riƙe hasken rana har safe, kila taki."

Daga nan ban ƙara jin ta sosai ba. Na tafi Dogo ina zaune. Na ga wata 'yar rumfa kusa da rijiya, a ciki wani abu da bai fi randa girma ba yana shan rana yana dafa iskar garinmu, mata suna zuwa da ƙwarya suna ɗibar taki kamar ruwa. Na ga gonarmu ta yi duhu don kore, gero ya fi mahayin raƙumi tsawo, wake na rarrafe a gindinsa. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, ni da na tsufa ina hana yara mafarki a cikin aji. Na tambaye ta yaushe. Ta ce ba wanda ya sani, kila a zamaninta, kila a na 'ya'yanta, kila ma abin ya ƙi.

Duk da haka na hau mota na tafi na zayyana wa Lawali, har da hannu nake kwatantawa. Ya saurare ni yana kallon farar ƙasar da ke gabanmu. Da na gama ya ce, "Malam, na ji. Yaushe?" Na ce ba wanda ya sani. Ya ce, "Yara bana za su ci. Kai kana birni kana mafarki, ni ke shan ranar. In na'urar taku ta gano, wa za ta tarar a nan?"

Kunya ta rufe ni. Tun ina yaro na ɗauka gatanar Iya ta wanda zai ƙanƙance ce, shi nake jira in ji labarinsa. Sai ranar na gane akwai wani mutum da ba ta ambata ba, wanda ke ci gaba da shuka tsawon shekarun da ake neman, don in an samu a tarar da gona da mai ita. Na bar wa yayana wannan aiki shi kaɗai, ina so kuma in ƙara masa wa'adi da bakina.

Da zan tashi ya raka ni bakin hanya. Ya ce, "Ba zan sayar bana ba. Amma in jira kake so a yi, ka zo mu yi shi tare."

Da ruwan farko ya sauka na sayi hauya na koma ɗakin mahaifinmu. Kafin azahar ta rana ta biyu tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙi miƙewa. Lawali ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure mini hannun, ya ce in tashi, saura rabin kunya.