Mai Sayen da Bai Kushe Mota Ba

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da ranar da na sayar da Hajja Babba. Ku yaran gareji na yanzu, da in an cire muku na'urar da kuke jona wa mota sai ku tsaya kamar an ɗauke wuta, ku ajiye sifana ku saurara. Ajina uku a firamare, amma a wannan fanni ni farfesa ne.

Hajja Babba mota ce, ba mace ba. Tsohuwar wagon ce mai dogon baya, ƙirar Faransa, tun ta zamanin da sitiyari yake a dama. Na tsince ta a bayan wani gida a Limanti, kaji suna ƙwai a cikinta. Na tayar da injin a garejina na Moduganari. Bitrus mai fenti, abokin tsokanata daga kudancin Barno, ya shafe ta da kore irin na ɗanyen ganye. Duk garin babu irinta. Amare take ɗauka, yara suna binta da gudu.

Sai rikici ya zo, bukukuwa suka ɗauke. A shekarar da aka katse layukan waya na rubuta "Ta sayarwa" na liƙa a gilas.

Yanzu ga darasi. A ƙa'idar sana'armu mai saye dole ya kushe mota. Zai buɗe bonet, ya shuri taya, ya ce salansa na tari kamar kakarsa. Kai kuma ka rantse lafiyarta ƙalau. Wannan shi ne ciniki. Amma a kwanakin nan kowa ya san akwai masu sayen tsohuwar mota ba don su hau ba, sai don su cika ta da abin da ke tashi da kasuwa. In ta tashi, lambar injin ce ke saura, kuma ƙofar wanda ya sayar ake fara bugawa. Shi ya sa dillalai suka ce kada a sayar sai mai saye ya zo da Bulama, wato mai unguwarsa.

Wata Laraba da hantsi wani dogon mutum ya shigo, farar riga, ba ƙiba, ba fara'a.

"Wushe, Ba Modu," ya gaishe ni da Barbarci. Ban taɓa ganinsa ba.

Bai dubi bonet ba. Kai tsaye ya zagaya baya, ya ɗaga ƙofar, ya kwantar da kujeru. Wani wari-wari mai sanyi yana tashi daga rigarsa, kamar na magani. Sai ya cire takalmi, ya shiga, ya miƙe a kan gefensa na dama.

"Rufe," ya ce.

Na rufe. Garejin ya yi tsit, ko guduma ba ka ji. Ta gilas muna ganinsa, ido a rufe, ko ƙirjinsa ba ya motsi. Bitrus ya matso ya raɗa mini, "Babarbare, in ka sayar masa, ka bari in kai iyalina ƙauye tukuna."

Da ya fito ya ce, "Sifirin ɗinta zai ɗauki nauyin mutum uku?"

Nan na ce a raina, ga irin mutanen nan. Ba waya balle in kira wani. In na sayar, wataƙila na kashe mutane. In na ce ba na sayarwa, irin mutanen nan ba a ce musu a'a a kwana lafiya. Sai na yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin kanikanci: na shiga kushe motata da bakina.

"Malam, shan mai gare ta kamar raƙumi."

"Ba nisa za ta ba."

"Birkinta sai an yi masa addu'a."

"A hankali za mu riƙa tafiya."

Na faɗi kuɗin da ko mahaukaci zai yi dariya. Ya ce, "Na saya." Yana magana yana dubana daga hula zuwa ƙafa, kamar tela.

Na jawo makamina na ƙarshe. "To, sai ka zo da Bulamanku."

"Bulamanmu ni na wanke shi ranar Asabar," ya ce. "A baro muka kai shi, ƙafafunsa na lilo. Sunana Goni Bukar, ni ke wankan gawa a wajenmu, can Gomari. Masu mota sun daina ɗaukar mana, suna tsoron tambaya a shingen sojoji. Ina son motar da ko daga nesa soja ya hango zai san ko ta wa ce. Taka ce kaɗai haka."

Sai a lokacin hancina ya gane warin: kafur ne. Maganarsa kuma ta hau, don mai mugun nufi motar da ba a kallo yake nema. Amma ƙirƙirar labari ba ta yi wa baki wuya. Na ce ni zan kai ta da kaina in gani. Bitrus ya ce, "Ka bar mini makullin gareji, kowa ya huta."

Hanyar Gomari fayau, shaguna a rufe, sai karnuka. Goni Bukar na zaune a gefena. Ni kuwa duk surar da na haddace sai da na karanta, har da waɗanda na iya rabi.

Muka tsaya a ƙofar wani ƙaramin masallaci. Dattawa na zaune a ƙasa. A inuwa ga mutum uku cikin likkafani a kan tabarmi, ɗaya gajere ƙwarai. An yi musu salla tun safe, abin ɗauka ake jira. Aka shigar da su inda amare ke ajiye akwatunansu. Goni ya leƙa ya ce wa mamatan a hankali, "Ku yi haƙuri, mun samo mota."

Ba wanda ya iya sitiyarin dama, don haka ni na tuƙa zuwa maƙabarta. A shinge sojan ya leƙa baya, ya cire hularsa, ya ɗaga mana sanda. Ban dubi madubi ba ko sau ɗaya. A nan bakin maƙabarta na miƙa makulli, liman ya zama shaida. Kuɗin haukan da na faɗa, ni da kaina na zabge shi, kada ku faɗa wa dillalai.

Abin da na koya shi ne, mota takan gaya maka ciwonta in ka kasa kunne, mai saye kuwa sai ka bi shi har gida. Kuma ba duk wanda ya ƙi ciniki ne mugu ba, wani sauri yake yi saboda waɗanda ba za su iya jira ba.

Har yau in ta lalace ni ake kawo wa. Gaba nake gyarawa. Bayan kuwa ban ƙara buɗewa ba. Ranar shigata tana nan zuwa, kuma ba ni zan rufe ƙofar ba.